Miyar Nama a Kan Gasasshen Hot Dog



Yau kicin za mu shiga, kuma kicin ɗin na Amurka ne. Zancen hot dog za mu yi, ɗan dogon sosejin nan da ake gasawa, a tsaga burodi a kwantar da shi a ciki. Da yawanmu a fim muka fara ganinsa, a hannun 'yan kallon wasa. Yanzu kuwa ga shi nan jibge a firizar manyan kantuna a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, yara na wucewa suna nuna shi da yatsa. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne yadda ake yi masa a gidaje da yawa. A jefa soseji cikin mai, a cusa shi cikin busasshen burodi, a tsiyaya masa jar miyar kwalba, a miƙa wa yaro. Kafin awa guda ya dawo yana cewa yunwa yake ji. An kashe kuɗi, ba a ƙoshi ba, ba a kuma ji wani daɗin kirki ba.

A ƙasar da abin ya yi suna, akwai garuruwan da ba su yarda da wannan ba. Su miyar nama suke zuba masa, mai ɗumi, wadda ta daɗe a kan wuta, har ya koma abincin da mutum zai zauna ya ci ya sha ruwa ya yi hamdala. Garin da ya fi shahara da haka shi ne Detroit a jihar Michigan. Irin nasu nake so mu duba, sannan mu ga yadda uwargida ko maigida zai yi shi a tsakar gida a kan garwashi.

Sosejin dai Jamusawa ne suka shigo da shi Amurka, kuma sunayensa na asali suna komawa ne ga biranen Frankfurt da Vienna. A wajajen 1870 wani Bajamushe mai suna Charles Feltman ya riƙa sayar da shi cikin burodi a Coney Island, wurin shaƙatawa da ke bakin teku a New York. A 1916 wani ma'aikacinsa, Nathan Handwerker, Bayahude ɗan ƙasar Poland, ya ware ya buɗe rumfarsa. Feltman na sayarwa senti 10, shi ya karya zuwa senti 5. Tun daga nan aka san hot dog da abu biyu: araha da sauri. Har yau haka yake, masu sana'ar ma sun ƙiyasta cewa a ranar 4 ga Yuli kaɗai, ranar bikin 'yancin ƙasar, Amurkawa kan ci kimanin miliyan 150.

Detroit kuwa labarinta na ma'aikata ne. A watan Janairun 1914 Henry Ford ya sanar da cewa zai riƙa biyan ma'aikatan kamfaninsa na mota dala 5 a rana, wato wajen ninki biyu na abin da ake biya a lokacin. Sai jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Cikin baƙin da suka sauka a Michigan a shekarun nan har da mutanen Girka da Masadoniya, waɗanda talauci da yaƙe-yaƙen yankin Balkan na 1912 da 1913 suka koro daga gida. Ba dukansu ne suka shiga masana'anta ba. Wasu suka lura cewa dubban mazan nan da ke fitowa hutun rana suna da 'yan mintoci kaɗan, ga yunwa, ga 'yan canji a aljihu. Soseji ɗaya cikin burodi ba ya riƙe cikin mutumin da ya wuni a tsaye yana ɗaure ƙarfe. To me za a ƙara masa? Sai suka waiwayi abin da suka iya tun daga gida, wato miyar niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da iyayensu mata ke zubawa a kan taliya. Suka gyara ta daidai da bakin Amurkawa, suka kwarara ta a kan sosejin, suka ja layin mustad, suka barbaɗa ɗanyar albasa. Suka kira shi coney, da sunan wancan wurin na New York.

A tsakiyar birnin Detroit akwai shaguna biyu manne da juna, American Coney Island da Lafayette Coney Island. Na farkon wani Bagirke ne mai suna Gust Keros ya kafa shi, kuma shagon na lissafin farkonsa daga 1917. Na biyun ɗan'uwansa William ne ya buɗe a jikin bangonsa. Har gobe mutanen garin a rabe suke, kowa da shagon da yake shiga, wanda ubansa ya fara kai shi tun yana ƙarami. A Flint, arewa da Detroit, miyar tasu a bushe take, da niƙaƙƙiyar zuciyar sa ake yin ta. A Jackson kuma suna cewa ai su suka fara tun 1914.

Ni abin da nake gani a labarin nan shi ne, sosejin kansa kayan masana'anta ne. Inji ya niƙa, inji ya ɗura, inji ya dafa, na yau da na jiya ba su da bambanci. Babu wanda ke kewar inji. Abin da ke sa mutumin Detroit da ya yi shekaru a wata jiha ya sauka daga jirgi ya wuce kai tsaye shagon coney, miyar ce, wadda wani ya tsaya a kanta da ludayi. Haka abin yake a sauran wurare. A Chicago, lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, masu baro sun riƙa lafta masa tumatir da albasa da kokwamba mai tsami da barkono don talaka ya samu cikakken abinci da kuɗi kaɗan. A Sonora ta Meziko da maƙwabciyarta Arizona wake suke zubawa. A Seattle cuku mai laushi ne da soyayyar albasa. Kowa ya sayi abu ɗaya a kanti, ya ɗora masa hannun gidansu. Don haka in za ki yi wa iyali hot dog, uwargida, ƙarfinki ya tafi wajen miya.

Amma kafin tukunya, sai mun tsaya a kanti, domin a nan ne Musulmi zai buɗe ido. Soseji da yawa a Amurka, har da irin waɗanda aka fi so a Michigan, haɗin naman sa ne da na alade. Wasu kuma naman na sa ne, amma fatar da aka ɗura shi a ciki hanji ce, ta tunkiya ko ta alade. Akwai marasa fata sam, waɗanda ake dafawa cikin wata riga a ɓare ta tun a masana'anta. Saboda haka a juya leda a karanta. Rubutun “naman sa zalla” bai gaya maka yadda aka yanka san ba. Tambarin halal ake nema. 'Yan'uwanmu da ke zaune a can ba za su sha wahala ba, musamman a yankin Detroit, inda birnin Dearborn ke maƙwabtaka da ita, kuma fiye da rabin mazaunansa 'yan asalin Gabas ta Tsakiya ne da Arewacin Afirka. A nan gida kuwa, na kaza da na sa ne suka fi yawa. A duba lambar NAFDAC ga waɗanda ke Najeriya, a duba ranar lalacewa, sannan a duba ledar kanta. In ta kumbura, ko ruwan ciki ya yi kauri yana yauƙi, ko ƙanƙara ta dunƙule a gefe ɗaya alamar ya narke ya sake daskarewa, a ajiye musu kayansu. Mun san halin wutar lantarkinmu.

To, mu ɗora tukunya.

Don hot dog 8 zuwa 10, rabin kilo na niƙaƙƙen naman sa ya isa. Kar a ce wa mahauci ya cire kitse duka, ɗan kitsen nan shi ke sa miyar ta yi santsi. Mai son bin sawun mutanen Flint sai ya sa a haɗa masa da zuciya, kashi ɗaya cikin uku, a niƙa tare. Zuciya na ƙara wa miya zurfin ɗanɗano, kuma ba ta kai tsoka tsada ba.

Ga wurin da nake so a kasa kunne sosai, domin ya saɓa da yadda hannunmu ya saba. Mu da mun ga niƙaƙƙen nama, mai za mu zuba mu soya. A wannan miyar ba a soya shi. Cikin tukunya mai sanyi za a zuba naman, a kwarara masa ruwa ko romo mai sanyi kamar kofi biyu, a sa hannu ko muciya a dama har ya saki, ya zama kamar kunu mai kauri. Sai bayan nan a kunna wuta. Dalili shi ne, nama in ya haɗu da zafi farat ɗaya, ƙanƙamewa yake yi ya dunƙule, ya zama 'yan gudaji. Gudajin nan ba sa zama a kan soseji, da an kai baki sai su gangaro kan riga. Amma in an warware shi cikin ruwan sanyi tukuna, kowane ɗan ƙwayar nama shi kaɗai zai dahu, miyar ta fito lukwi, ta kwanta a kan sosejin ta kama shi. Da farko kallonta ba zai burge ki ba, za ki ga ta yi fari-fari. Ki yi haƙuri da ita.

Da ta fara tafasa, sai a zuba albasa babba ɗaya da aka goga ko aka yanka ƙanana ƙwarai, tafarnuwa ƙwaya uku a daka, tumatirin gwangwani cokali biyu zuwa uku, garin tattasai babban cokali ɗaya, garin barkono daidai ƙarfin bakin 'yan gida, kumin ƙaramin cokali ɗaya, masoro kaɗan, mustad cokali ɗaya. Sai kuma abin da ke nuna asalin miyar: girfa ɗan mitsitsi, abin da yatsu biyu za su ɗauka, da kanumfari ƙwaya ɗaya ko biyu a daka. Kar a zarce. Ana so mai ci ya ji wani ƙamshi a can ƙasa ya kasa gane ko mene ne. In girfa ta fito fili, an ɓata miya. Gishiri kuma a ja hannu, dunƙulen ɗanɗano ma rabi ya isa ko a bar shi gaba ɗaya, domin sosejin da za a zuba wa miyar cike yake da gishiri.

A rage wuta, a bar murfi a ɗan buɗe, a riƙa juyawa lokaci-lokaci. Awa ɗaya take so. In ta nemi kamawa a ƙara ruwa kaɗan. Alamar ta yi ita ce a ja cokali a gindin tukunya, hanyar da ya bi ta tsaya ɗan lokaci kafin miyar ta rufe ta. In mai ya taso da yawa a kwashe rabi. In kuma ta yi ruwa, a murmushe ɓawon burodi cokali biyu a zuba, nan da nan za ta haɗe. Mutanen Detroit ba sa sa wake a tasu, kuma a kan wannan suna da tsauri. Ni dai ban ga laifin uwar 'ya'ya bakwai da ta ƙara dafaffen wake kofi ɗaya don miya ta kai ba. Abincin da ma don ya ƙosar da ma'aikaci aka ƙirƙiro shi.

Wani abin daɗi kuma, wannan miyar ta fi daɗi in ta kwana. A dafa ta yau, ta huce, a sa a firij, gobe a ɗumama. Ranar da za a ci, aikin bai wuce na minti goma sha biyar ba. A nan sauƙin yake.

Sai wuta. A shagunan Detroit a kan faffaɗan ƙarfe suke gasa sosejin, amma garwashi na ba shi abin da ƙarfe ba zai ba shi ba, ƙamshin hayaƙi da ɗan ƙauri a fata. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora shi a kan harshen wuta. Ku tuna, sosejin nan dafaffe ne tun daga masana'anta. Ɗumama shi ake yi har ciki, a kuma ba fatarsa launi. In wuta ta yi yawa, waje zai ƙone, fata ta fashe, romon ciki ya tsiyaye cikin gawayi, tsakiya kuwa da sauran sanyi. Ku dubi mai tsire, ba ya soka tsinkensa a tsakiyar wuta, gefe yake jera su, zafi na isa gare su a hankali. Haka za a yi. A bari gawayi ya ruru har ya yi farin toka, a tara shi gefe ɗaya na murhu, ɗaya gefen a bar shi da 'yan garwashi kaɗan. A fara jera sosejin a gefen da ba zafi sosai, ana mirgina shi, minti huɗu zuwa biyar, har ya kumbura ya fara gumi. Sannan a matsar da shi kan zafin, minti ɗaya ko biyu, ya yi ja ya ɗauki zanen waya. In daga firiza ya fito, a bari ya saki a firij tun dare.

Marar fata ana iya yi masa 'yan tsage marasa zurfi a karkace, uku ko huɗu a kowane gefe. Da ya ji wuta tsagen za su buɗe, bakinsu ya soyu, miya kuma ta samu wurin shiga. Mai fata kuwa kar a taɓa shi da wuƙa ko cokali mai yatsu. Daɗinsa shi ne ɗan ƙaras ɗin nan da fatar ke yi in haƙori ya huda ta.

Burodi shi ne wanda ake mantawa da shi, alhali shi zai ɗauki nauyin komai. A Detroit turara shi suke yi ya yi laushi. Tunda mu ga wuta a gabanmu, a tsaga shi ba tare da an raba biyu ba, a shafa bota a ciki, a kifa shi a kan waya rabin minti. Cikin zai yi ɗan ƙarfi, miya ba za ta jiƙa shi ya yage a hannu ba. In ba a samu dogon burodin hot dog ba, yankan burodi mai kauri ma ya yi, a gasa fuska ɗaya a naɗe. A dai guji mai sukari da yawa, zaƙinsa na faɗa da miyar.

Jerin haɗawa shi ne soseji, miya babban cokali biyu, layin mustad, sannan ɗanyar albasa yankakkiya ƙanana. Albasar kar a raina ta. Miya na da maiƙo, soseji na da maiƙo, ita da mustad ne ke yanke shi su wartsake baki. In ta cika yaji a jiƙa ta a ruwan sanyi minti goma a tsane. Wanda bai samu mustad ba ya matsa lemun tsami a kan albasar. Ga kuma ƙarin da yara ke so: a barbaɗa gogaggen cuku irin mai narkewa a sama, a naɗe kowane ɗaya cikin takardar alminiyom, a mayar gefen wuta minti uku. In an buɗe, burodi ya yi laushi, cuku ya narke ya shiga miya, komai ya zama abu guda. Wannan kam sai da faranti, da cokali a kusa.

Akwai gaskiyar da ba zan tsallake ba. A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama, irin su soseji, cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na hanji. Ta ce cin giram 50 a kowace rana na ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100, kuma giram 50 ɗin nan kusan nauyin soseji ɗaya ne. A kowace rana aka ce, ba sau ɗaya a wata ba. Ga kuma gishiri: ɗaya tak na iya ɗauke da kusan kwata na abin da ya kamata babba ya ci a wuni, abin lura ga masu hawan jini. Don haka a ganina abincin marmari ne, na ranar hutu ko ranar da 'yan makaranta suka dawo. Bai dace ya zama abin da ake cusa wa yaro a kwandon makaranta kullum ba. Kuma a nan ma miyar ta taimaka, domin wanda zai ci uku gaya, ɗaya mai miya da albasa zai ƙosar da shi, kuma wani sashe na abin da ya shiga cikinsa naman da kika saya ne a wurin mahaucin da kika sani.

Mai juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya kar su ci shi da sanyi daga leda. Akwai wata ƙwayar cuta, listeriya, da ke iya hayayyafa ko a cikin firij, kuma tana da haɗari ga ɗan da ke ciki. A gasa har ya riƙa tururi. Ledar da aka buɗe kar ta wuce mako guda a firij. Abin da aka gasa kuma, a zafi irin na Maris da Afrilu, kar ya wuce awa ɗaya a waje.

Iyaye mata, wannan taku ce musamman. Soseji na cikin abincin da suka fi shaƙe ƙananan yara, likitocin yara a Amurka sun daɗe suna gargaɗi a kai. Kaurinsa daidai yake da maƙogwaron yaro, ga santsi, in ya toshe ba ya barin iska ko kaɗan. Yanka shi zagaye-zagaye kamar kwabo, wanda shi muka fi yi, shi ne mafi haɗari. Ga yaron da bai kai shekara huɗu ba, a tsaga shi a tsaye gida huɗu, sannan a yayyanka ƙanana, kuma ya ci a zaune, babba na kusa.

In miya ta ragu, kar a damu da sake sayen soseji. A 1922 wasu 'yan'uwa biyu 'yan Masadoniya, Tom da John Kiradjieff, sun buɗe shago a birnin Cincinnati na jihar Ohio suna sayar da irin wannan miya mai girfa a kan hot dog, suka kuma riƙa zuba ta a kan taliya. Yau taliyar ce abincin da aka fi sanin garin da shi, ana ƙara mata cuku, ko albasa, ko wake, ko duka. To gobe da rana sai a dafa taliya, a ɗumama ragowar miyar da ɗan ruwa har ta tafasa, a zuba. Wadda ba za a ci cikin kwana uku ba, a raba ta a ƙananan robobi a sa a firiza.